Ranar da Mamaci Ya Sauya Sheƙa

Ba zan taɓa mantawa da safiyar sadakar ukun Alhaji Rabe ba, kuma ko na so in manta, 'yan unguwarmu sun ɗauki nauyin tuna mani kyauta. Mutanen Ƙofar Guga suna iya mance alkawarin da suka yi maka, su mance sun ari tsaninka, amma ranar da ka ji kunya a gaban jama'a, wannan har jikokinsu sai sun ji labari.

Ni mai cajin waya ne. Kes ɗina na katako yana jingine da katangar gidan Alhaji Rabe, daidai bakin lungunmu, da ɗan janareta a gefe mai tari kamar tsohon mashayin taba. Wurin ba nawa ba ne, ba kuma haya nake yi ba. Alhaji Raben ne ya ga ana ta korata daga wannan ƙofar shago zuwa waccan, ya kira ni ya ce in kafa a jikin katangarsa. Babu takarda, babu shaida, maganar baki ce kawai, kuma da wannan maganar bakin nake ciyar da mata da 'ya'ya biyar. Duk haukan da zan ba ku labari, a jikin katangar mutumin nan na yi shi.

Na yi makaranta, amma ban ƙare ba. A aji uku na sakandare na tsaya. In ina gaban baƙi nakan ce rashin gata ne ya fitar da ni, amma gaskiyar magana lissafi ne ya kore ni, Turanci ya rako ni har bakin get. Waɗanda muka zauna benci ɗaya da su yanzu wasu daraktoci ne, suna wucewa ta gaban kes ɗina su ɗaga mani hannu ta cikin gilashin mota, ba su ko sauke shi, kada sanyin ya fita. Abin yana ci mani rai, ba zan ɓoye ba. Amma ina da daraja guda a unguwa: in dai maganar waya ce, ni ne malami. Duk dattijon da 'ya'yansa suka aiko masa da waya mai shafawa, wurina yake kawo ta in sa masa layi, in ɗora masa karatu da wa'azi, in sa masa makulli. To dattijo ba ya riƙe lamba. Yau ka sa masa, gobe ya dawo ya ce wayar ta ƙi shi. Da na gaji sai na huta wa kaina, kowa ya zo lamba ɗaya nake sa masa, sifili huɗu, in sunkuya in raɗa masa a kunne cewa sirri ne, ko uwargida kada ta ji. Haka rabin dattawan unguwarmu suka yi shekaru suna ɓoye wa juna sifili huɗu.

A siyasa kuwa ni da gidan Alhaji Rabe ba mu taɓa zama layi ɗaya ba. Shi tun yana saurayi gida ɗaya yake bi, ko turmi suka tsayar shi zai dangwala wa. Ƙanensa, Alhaji Lawal, shi ne ciyaman ɗin jam'iyyarsu na mazaɓarmu, mutum mai faɗin kafaɗa da gajeren haƙuri, wanda tun farko bai so zamana a wurin ba, wai ƙarar janareta tana hana shi barcin rana. Ni kuma ina da gwanina a cikin masu neman shugabancin ƙasa. Ba zan faɗi sunansa ba (abin da na jawo masa ya isa, ko da yake bai san ina duniya ba). Alhaji Rabe ya san ra'ayina sarai. In ya fito da safe yakan tsaya ya ce, "Mai Caji, har yanzu kana bin mutumin nan naka mai hwaɗuwa?" In yi dariya in ce Allah Ya ƙara wa Alhaji lafiya. Me zan ce? Bayana yana jingine da bulonsa.

Wanda ya kunno wutar shi ne Malam Sagir, malami a wata kwaleji, mai digiri biyu da farin gilashi, irin mutanen da ba su iya cewa ina kwana sai sun haɗa da bayani. Shi ya buɗe wa unguwa guruf a waya, wai don a riƙa shawara kan yashe magudanar ruwa da gyaran taransifoma. Da guguwar zaɓe ta taso sai ya ɗora wani zaɓen gwaji a ciki: sunayen 'yan takarar shugaban ƙasa huɗu a jere, kowa ya danna wanda ransa ke so, gaban kowane suna kuma wani layi yana ƙara tsawo gwargwadon waɗanda suka danna. Layin gwanin su Alhaji Lawal ya tafi zar har ƙarshen waya. Na gwanina bai kai ƙwayar shinkafa ba.

A teburin mai shayi Malam Sagir ya nuna mana abin. Ya riƙa juya wayar kowa ya gani, yana bayanin cewa yanzu duniya ta ci gaba, da irin wannan ake auna zuciyar jama'a tun kafin a kai ga akwati. Na ce ai ƙarya ce, talakawa suna tare da gwanina. Sai ya gyara gilashi ya ce haka ne, sai dai magoya bayan nasa yawancinsu ko wayar da za su yi zaɓen ba su da ita. Yana faɗa yana kallon aljihun gaban rigata. A cikin aljihun kuwa wayata ce, 'yar ƙarama mai madannai, an ɗaure bayanta da roba kada batir ya faɗo. Ni da nake cajin wayoyin unguwa kaf, ko a guruf ɗin ba na ciki. Aka kwashe da dariya, har mai shayi da nake yi wa caji kyauta. Na shanye shayina da zafinsa na tashi.

Washegari Allah Ya yi wa Alhaji Rabe rasuwa. Ya dawo daga masallaci, ya ce zai ɗan kishingiɗa, shi ke nan. Na yi kuka na gaskiya, don mutumin ya rufa mani asiri lokacin da dangina ma ba su san inda nake kwana ba. Da ni aka ɗauki makara. Amma tun a maƙabarta, muna cikin mayar da ƙasa, wata zuciya take ce mani: to yanzu katanga ta koma hannun Alhaji Lawal. Saboda haka na zage a gidan makoki. Ni ne shimfiɗa tabarmi, ni ne cika butoci, ni ne jera takalman baƙi, kuma duk abin da zan ɗauka sai na bi da shi ta gaban Alhaji Lawal.

Gida ya cika maƙil. 'Yan'uwa daga Batagarawa, Fulanin da ke yi masa kiwo, 'yan siyasa da manyan riguna, kowa da wayarsa. Gidan yana da sola (shi ya sa duk zamanmu marigayin bai taɓa kawo mani caji ba), amma jama'a suka tsotse ta tas, wutar gari kuma da ma ba a maganarta. A rana ta biyu dattawan da suke wuni a kan tabarmar makoki duk suka bar wayoyinsu a wurina, sannan bayan azahar direban gidan ya zo da wasu cike da baƙar leda, ya ce daga cikin gida ne, a yi masu da sauri. Tunda na fara sana'ar nan kes ɗina bai taɓa cika irin na ranar ba.

Na jona su duka na zauna ina kallon su suna ƙyafta 'yan fitilunsu. Wallahi Shaiɗan bai sha wata wahala da ni ba, ina jin ma da ya iso ya tarar na riga na fara. Na ɗauki wayar Malam Iro tela. Sifili huɗu, ta buɗe. Na shiga guruf, na tarar ya cika da ta'aziyya, na yi ta ja sama, ina wuce Allah Ya jiƙansa, ina wuce Allah Ya sa ya huta, har na iso kan zaɓen. Na danna gwanina. Ƙwayar shinkafar nan ta ɗan motsa. Wani daɗi ya ratsa ni tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Na ajiye, na ɗauki ta gaba.

A waya ta uku ko ta huɗu na tarar mai ita ya riga ya zaɓi gwaninsu. Na ɗan taɓa sunan nawa don in ga abin da zai faru, sai kawai ƙuri'ar ta taso daga can ta dawo nan. Layinsu ya ragu, nawa ya ƙaru. Na ce ashe abin da ake yi mana ke nan shekara da shekaru. Kuma in faɗa maku gaskiya, a ranar na daina ganin laifin masu yi sosai, don abin akwai daɗi.

Kada ku ɗauka ban yi tunani ba, na yi, irin nawa. A sanina ƙuri'a sirri ce. Tunda na fara zaɓe, bayan ɗan kwali ake shiga, ka dangwala, ka ninke, ka jefa, daga kai sai Mahaliccinka. Da wannan sirrin na sha karɓar atamfar wata jam'iyya in kai wa matata, in je in zaɓi wata. To me zai sa na waya ya bambanta? Na dai ga wani ɗan rubutun Turanci a ƙasan sunayen, amma ban taɓa shi ba. Ni da Turanci tun aji uku kowa ya kama gabansa.

A cikin na ledar akwai wata baƙa, babba, da hoton Ka'aba a fuskarta. Ita ko makulli babu, kuma ba ta minti biyar ba a kira ta ba. Na ce wannan wane irin sakarai ne zai bar waya a buɗe haka. (Ku da kuka san al'ada kun riga kun gane. In mutum ya rasu ba a kashe wayarsa sai an tashi makoki, a cire makullin a ajiye ta inda kowa zai iya ɗauka, don duk wanda ya kira bai ji ba a sanar da shi. Ni ma na sani. Da surukina ya rasu ni na riƙe tasa. Amma a ranar ƙwaƙwalwata tana wurin layi.) Na shiga, na tarar mai ita ya zaɓi gwaninsu. Na ce Allah Ya shirye ka, ko wane ne kai, na juyo da shi.

Kafin a kira la'asar gwanina ya wuce kowa. Na mayar da wayoyi ga masu su da caji cike, na je na durƙusa gaban Alhaji Lawal na ce ya ƙarin haƙuri. Ya ce da godiya, har ya ƙara da sannu da ƙoƙari. Na tafi gida ina jin na gyara ƙasa na kuma gyara zamana a jikin katanga, duk a wuni ɗaya.

Da safe aka taru sadakar uku. Na sa kaftanina na Juma'a, na kutsa har sahun gaba, kusa da Liman, inda Alhaji Lawal ba zai ɗaga kai bai gan ni ba. Aka yi addu'a, aka shafa, aka fara rabon gumba da goro. Jama'a ba su watse ba, ana ta 'yan gaishe-gaishe. Can na hango Malam Sagir ya ƙura wa wayarsa ido. Ya cire gilashi ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake dubawa. Ya miƙa wa na kusa da shi. Wannan ya duba ya yi salati ya miƙa gaba. Haka wayar ta riƙa tafiya hannu zuwa hannu, salati yana bin ta, har ta iso wurin Alhaji Lawal. Ni a raina murna nake, na ɗauka tsawon layin gwanina ne ya gigita su.

Malam Sagir ya matso ya durƙusa ya yi bayani, a hankali, amma duk rumfar ta yi tsit ana ji. Ashe ɗan rubutun Turancin nan na ƙasa, in ka taɓa shi, sai ya zazzago maka sunan duk wanda ya yi zaɓe, da hotonsa, da wanda ya zaɓa, da lokacin da ya danna. Kuma a ƙarƙashin sunan gwanina ga Alhaji Rabe nan da farar hularsa yana murmushi. Ya yi zaɓe jiya, tsakanin azahar da la'asar, kwana guda bayan mun rufe shi da hannunmu.

Wani dattijon Bafulatani da ke kusa da Alhaji Lawal ya ja jikinsa baya daga wayar. Wani ya ce aikin 'yan damfara ne, wani ya ce a'a, a dai bincika, duniyar nan ta zo ƙarshe. Sai Liman, Allah Ya saka masa, ya waiwayo ya ce ai ba a yi gardama ga mai abu a zaune, ga Mai Caji nan, shi ya san kan waya, ya gaya mana yadda mamaci ke zaɓe.

Mai hankali a nan cewa zai yi Allah ne masani, ya nemi takalmansa. Ni kuwa ban taɓa samun jama'a masu yawa haka suna jiran bayanina ba, ga daraktoci a ciki, ga Malam Sagir a durƙushe. Na gyara murya. Na ce wannan ba abin tsoro ba ne, matsalar sabis ce. Na ce kowa ya san yadda ake tura saƙon barka da Sallah ya maƙale a hanya, sai an gama cin nama ya iso. To haka ƙuri'a take. Marigayi da hannunsa ya danna tun yana raye, ta hau ƙarfen sabis ta maƙale, sai jiya hanya ta buɗe ta sauko. Na ga wasu suna gyaɗa kai, daɗi ya ɗebe ni, sai na ƙara da cewa da ma ni a 'yan kwanakin nan na ga alamar marigayi ya fara gane gaskiya.

Alhaji Lawal ya ajiye carbinsa a kan tabarma. Ya ce, "Tsaya, Mai Caji. Mi kake nuhi? Yayana ya mutu ɗan adawa?"

Na ce ba haka nake nufi ba, Alhaji, ai zuciya a hannun Allah take.

Ya ce, "Mutumin da ya saida gonarshi ya yi ma jam'iyya hidima? A gidan makokinshi, ko ƙasar ba ta bushe ba, za ka ce ya sauya sheƙa bai gaya mani ba?"

Jijiyar wuyansa ta tashi. 'Yan jam'iyya suka fara gunaguni, wani daga baya yana cewa da ma an ga wasu baƙi suna shiga wurin marigayi kwanan baya. Kun ga cikin minti kaɗan na ɓata wa bawan Allah suna da ya yi rayuwarsa duka yana ginawa, shi kuma ba ya nan balle ya kare kansa. Sai Malam Sagir, wanda duk wannan lokaci yana ta jan sunaye ƙasa, ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri. Ai ba shi kaɗai ba ne. Ga sunanka nan ƙarƙashin nashi."

Alhaji Lawal ya fizgi wayar. Ga shi nan kuwa, ciyaman guda, da hular jam'iyya a kansa a cikin hoton, ya zaɓi gwanina. (Ƙaramar wayarsa ce ta biyu, tana cikin ledar, kuma ni na sa mata makulli bara.) Malam Sagir ya karɓa ya ci gaba da karantowa kamar mai kiran suna a aji. Malam Iro tela. Mai unguwa. Ladan. Hajiya Babba, uwargidan marigayi, wadda ke cikin ɗaki tana takaba. Duk wanda aka kira sai ya dafa ƙirji ya ce ni? Kuma dukkansu a jere, ɗaya na bin ɗaya, tsakanin azahar da la'asar, kamar sun yi layi a rumfar zaɓe. Na ƙarshe da ya karanto shi ne Liman.

Liman ya ce shi bai ma san akwai wannan abu a wayarsa ba, kuma jiya tun hantsi ba ta hannunsa, tana wurin caji. Malam Iro ya ce tasa ma. Mai unguwa ya ce tasa ma. Direban gidan, da ba wanda ya tambaye shi, ya taso daga can bakin rumfa ya ce ta marigayi ma shi ya kai ta, cikin leda, da ta Hajiya da ta Alhaji ƙarami.

Kawuna suka fara juyowa ɗaya bayan ɗaya. Ni ma, don ƙarfin hali, sai na waiwaya baya kamar akwai wanda ake kallo. Babu kowa a bayana sai bango.

Liman, mutumin kirki, ya so ya cece ni. Ya ce amma ai tasa wayar tana da makulli, kuma lambar sirri ce, daga shi sai Allah. Malam Iro ya ce tasa ma haka. Malam Sagir ya tambayi Liman ko lambar tana da sifili a ciki. Liman ya ce wannan kuma ba a faɗa. Sai wani tsoho kurma-kurma daga gefe, wanda bai san ana ɓoyewa ba, ya ɗaga murya ya ce shi dai tasa sifili huɗu ce. Na ga dattawa suna kallon juna. Ladan ya ce, huɗu? Mai unguwa ya ce, huɗu. Haka kalmar ta zagaye tabarma, kowa yana faɗa a hankali kamar mai amsa addu'a.

Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ai na gwaji ne, ba na gaske ba." Ban san wa nake wa bayani ba.

Alhaji Lawal ya sa aka shiga gida aka ɗauko baƙar wayar. Ya miƙo mani ita a gaban kowa ya ce in tashi tsaye in mayar wa Yaya ƙuri'arsa inda ya ajiye ta da hannunsa. Na tashi, na buɗe, na ɗaga yatsa. Sai Liman ya ce a dakata. Ya ce in aka mayar yanzu, ai wayar za ta rubuta ya sake yin zaɓe yau, ranar sadakar ukunsa, gara a cire gaba ɗaya, mamaci ba ruwansa da shugaban ƙasa. Alhaji Lawal ya ce ina, ƙuri'ar jam'iyya ce, da ransa ya jefa ta, ba za ta tafi a banza ba. Liman ya kawo hujja, ciyaman ya kawo tasa. 'Yan jam'iyya suka goyi bayan ciyaman, dattawa suka bi Liman. Ni kuwa ina tsaye a tsakiyar rumfa cikin kaftanin Juma'a, da wayar mamaci a hannun hagu, yatsan dama a sama, ina jiran fatawa.

Ana cikin haka wayar ta ɗau ƙara a hannuna. Alhaji Lawal ya ce in ɗauka mana, ai na saba da ita. Na ɗauka, kuma cikin kuskure na taɓa abin da ke sa murya ta fito waje. Wani abokin cinikin marigayi ne daga Kudu, bai ji rasuwar ba, yana ta Alhaji ina ka shiga kwana biyu. Dole ni, da bakina, na gaya masa Alhaji ya riga mu gidan gaskiya. Mutumin ya yi salati ya yi ta addu'a, sannan ya ce, to wa ke magana, ɗansa ne ko ƙanensa? Na waiwaya ina neman wanda zan miƙa wa wayar. Sai Malam Iro tela ya amsa masa daga kan tabarma: "Baturen zaɓe ne."

Ban taɓa ganin an yi dariya a gidan makoki irin ta ranar ba. Mutane suna dariya suna istigfari. Liman ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa suna rawa. Har Alhaji Lawal sai da ya juya fuska bango. A ƙarshe Malam Sagir ya goge zaɓen gaba ɗaya daga guruf, aka huta da fatawa. Matata tana cikin gida wurin girki, labari ya iske ta kafin in nemo takalmana, kuma ranar ta wani lungu ta bi ta koma gida don kada a gan mu tare.

Da jama'a suka ragu Alhaji Lawal ya kira ni zaure. Na shiga na riga na fara tunanin inda zan sami mai kura ya kwashe mani katako. Ya ce Yaya ne ya ba ni wurin, kuma ba zai tashe ni ba, don in ya tashe ni yanzu cewa za a yi ciyaman ya kori talaka saboda siyasa, ga zaɓe ya matso. Amma in bi duk wanda na taɓa wa waya gida-gida in nemi gafara, in fara da cikin gidan nan.

Haka na tsaya a bakin ƙofar tsakar gida, labule tsakaninmu, na ba Hajiya Babba haƙuri. Daga can ciki ta ce ta yafe, Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Sannan ta rage murya ta ce ita da ma ban yi mata ɓarna ba, don duk zaɓen da gwanin nawa ya tsaya shi take dangwala wa a bayan kwali, Alhaji bai taɓa sani ba har ya koma ga Allah. Duk wahalar nan da na sha, ashe magoyin baya na gaskiya ɗaya muke da shi a gidan, ita ma sai da na yi mata maguɗi.

Kes ɗina yana nan a jikin katanga har yau, amma wayoyi sun ƙaura. Dattawa duk sun kai wa Malam Sagir ya canza masu makulli, kowa da lambarsa daban, irin ta masu digiri, kuma kullum da safe za ka gan su a ƙofar gidansa sun yi layi, kowa wayarsa ta ƙi shi. In na wuce nakan gaishe shi da kyau, wannan kaɗai ne sanyin da ya rage mani. Ni yanzu abin da ake kawo mani caji tocila ne, da rediyo, da 'yar fanka, duk abin da aka tabbatar ba ya iya zaɓe. Sunan Mai Caji ma ya ɓace, har takardar gayyatar ɗaurin aure Baturen Zaɓe ake rubuto mani.

Mutane suna tambayata ko na yi hankali. Na yi. Na gane abin da aka ba ka amana ka sa masa wuta, to ka sa masa wutar ka naɗe hannunka. Na kuma gane maguɗi sana'a ce mai zaman kanta, tana da manyanta, ba a faɗa mata da ilimin aji uku. Su in za su sa matattu zaɓe, sukan nemo waɗanda aka daɗe da mantawa da su. Ni na je na ɗauko wanda ko gumbarsa ba a gama rabawa ba.